Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Masu Wankin Ƙoda a Bauchi da Maganin da Ke Ɗaure Musu Ciki

A farkon shekarar 2025 kuɗin wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ya sauko daga kusan naira 50,000 zuwa naira 12,000 a kowane zama, bayan tallafin da gwamnatin tarayya ta sa a wasu asibitocinta, ciki har da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare. Duk wanda ya san yadda gida ke sayar da fili ko shanu don a ɗora mutum ɗaya a kan inji ya san girman wannan sauƙi. Sai dai injin awa huɗu yake riƙe majinyaci. Sauran kwanakin mako yana gida, a Jahun ko Yalwa ko Fadamar Mada, kuma abin da ke tsaya wa ƙodarsa a waɗannan kwanaki bai wuce ledar magunguna da ƙa'idar abinci ba. A cikin ledar akwai wata ƙwaya da ba a cika maganarta ba, wadda ake sha tare da abinci don ta kama sinadarin fosfet a cikin hanji kafin ya shiga jini. Ita ta fi yawa a ledar, ita kuma ta fi damun ciki. Ra'ayina shi ne kukan ciki da wannan ƙwaya ke jawowa ba ƙaramin ƙorafi ba ne da za a ce wa mara lafiya ya yi haƙuri da shi. A nan ne magani ke rushewa ba tare da kowa ya ji ƙara ba, kuma a gari irin Bauchi rushewar ta fi tsada fiye da yadda take a London ko Tokyo.

Fosfet ba guba ba ne. Da shi da kalsiyam aka gina ƙashi da haƙori, yana kuma cikin kusan duk abincin da ke gina jiki: nama, kifi, nono, wake, gyaɗa, hatsi. Lafiyayyar ƙoda tana zubar da rararsa a fitsari, ta riƙe shi a jini tsakanin miligiram 2.5 zuwa 4.5 a kowace desilita. Idan ƙoda ta gaza sai ya taru. Taruwar kan tayar da wasu ƙananan halittu huɗu da ke wuya, waɗanda likitoci ke kira faratairod, su shiga zare kalsiyam daga ƙashi. Ƙashi ya yi rauni, jiki ya ɗauki ƙaiƙayin da ke hana barci, kalsiyam ɗin da aka zaro kuma ya haɗu da fosfet su daskare a bangon jijiyoyin jini da ƙofofin zuciya, kamar yadda ƙasan butar shayi ke yin farin ɓawo idan ta daɗe ana dafa ruwan rijiya a cikinta. A 1998 wani bincike a Amurka, wanda Geoffrey Block ya jagoranta a kan masu wankin ƙoda sama da 6,000, ya nuna cewa waɗanda fosfet ɗinsu ya haura 6.5 haɗarin mutuwarsu ya ƙaru da kashi 27 cikin 100. Tun daga lokacin wannan lamba ta zama abin da likitocin ƙoda ke sa wa ido.

Me ya sa inji bai isa ba? Lissafin ba shi da wuya, ko da yake ƙiyasi ne. Mutumin da ke cin miligiram 1,000 na fosfet a rana, hanjinsa kan tsotse kusan 600, wato 4,200 a mako. Zama ɗaya na awa huɗu a kan inji yana cire tsakanin 800 zuwa 1,000, domin mafi yawan fosfet a cikin ƙashi da tsoka yake, ba ya saurin fitowa cikin jini inda inji zai same shi. Mai zama uku a mako, kamar yadda ƙa'ida ta ce, zai rage masa kusan 1,500. Mai zama biyu zai rage masa 2,400. Nan ne halin da muke ciki ya shigo. Ko da farashin tallafi, zama goma sha biyu a wata naira 144,000 ne, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ba a sa kuɗin allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje da kuɗin mota daga Ningi ko Das ko Alkaleri ba. Saboda haka zama biyu, ko ɗaya, ko “sai an samu,” shi ne abin da da yawa ke iyawa. Giram ɗaya na kalsiyam kabonet yana kama kusan miligiram 40 zuwa 45 ne kawai. Wanda ke zama biyu kuma ba ya fitsari, idan aka ce ƙwaya ce kaɗai za ta cike giɓin, sai ya sha giram bakwai ko takwas a rana, wanda tsantsar kalsiyam ɗin da ke ciki ya kusa ninka iyakar miligiram 1,500 da ƙa'idar Amurka ta 2003 ta gindaya. Ma'ana, duk zaman da aljihu ya hana, ana neman cikin majinyaci ya biya shi.

Kalsiyam kabonet shi ne abin da ya fi sauƙin samu da araha a nan, kuma a sinadarance ɗan gidan su alli ne da ɓawon ƙwai. Ana tauna shi ko a haɗiye shi a tsakiyar cin abinci. Da ya haɗu da ruwan tsamin tumbi sai ya saki iska, shi ya sa ake gyatsa da kumburin ciki, mutum ya ji ya ƙoshi tun masa ta biyu. A ƙasa kuma yana busar da bayan gida ya taurara shi. Ka haɗa wannan da sauran halin mai wankin ƙoda. An ce kada ruwan da zai sha a wuni ya wuce kusan rabin lita a kan yawan fitsarin da yake yi, a garin da zafin Maris da Afrilu ke kusantar maki 40. An hana shi ayaba, lemo, dabino, alayyafo da dankali mai yawa saboda potasiyam, su ne kuwa abubuwan da ke tausasa ciki. Ana ba shi ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe, ita ma mai ɗaure ciki ce. Gajiya ta hana shi zirga-zirga, inji kuma ya tsotse masa lita biyu ko uku na ruwa a zama ɗaya. Idan mai ciwon suga ne, jijiyoyin da ke motsa hanji sun riga sun yi sanyi. A kan wannan duka aka ɗora alli sau uku a rana. Abin mamaki ba shi ne ciki ya ɗaure ba, abin mamaki shi ne a ce ba a sa ran hakan ba.

Tarihin waɗannan magunguna kansa tarihin gudun gara ne a tarar da zago. A shekarun 1970 alminiyam ake bayarwa, yana kuma aiki sosai, har Allen Alfrey da abokan aikinsa a birnin Denba na Amurka suka nuna a 1976 cewa yana taruwa a ƙwaƙwalwar masu wankin ƙoda, ya kawo sarƙewar harshe, farfaɗiya da gushewar hankali. Aka koma kalsiyam, sai aka fara zarginsa da ƙara wa jijiyoyi tauri. A 1998 sebelama ya fito da sunan Renagel, daga baya Renvela a 2007. Ba shi da kalsiyam, ba ya shiga jini, amma ƙwayarsa ta miligiram 800 ƙatuwa ce, tana kumbura idan ta sha ruwa, ana kuma shan biyu ko uku a kowane cin abinci. Tashin zuciya, amai, ƙwarnafi da taurin bayan gida sanannu ne a tare da shi, takardarsa ma ta yi gargaɗin toshewar hanji da hujewarsa, ko da yake ba kasafai ba. A 2013 masu duba tsoka a madubin likita a Amurka suka bayyana ɓarɓashinsa maƙale a bangon hanjin da ya yi gyambo. Lantanam, wato Fosrenol na 2004, dole a tauna shi ya niƙe, yana kawo tashin zuciya, yana kuma fitowa fari fat a hoton ciki har ya ruɗa mai karanta hoton. Masu ƙarfe, Velphoro na 2013 da Auryxia na 2014, sun juya matsalar ne: gudawa ga kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar, da baƙin bayan gida. Na baya-bayan nan, tenafano, wanda Amurka ta amince da shi a 2023 da sunan Xphozah, ba ya ɗaure fosfet, hanya yake toshe masa a bangon hanji. Asalinsa ma maganin taurin bayan gida ne, kuma kusan rabin masu shansa sun yi zawo a gwaje-gwaje. Duk maganin da aikinsa a cikin hanji yake, hanji ne zai fara jin sa.

To me majinyaci ke yi? Ba ya gardama. Yana cewa “to, likita,” ya karɓi takarda. A gida sai ya fara tsallake ta rana, sannan ta safe, ko ya bari sai dare ya haɗiye su gaba ɗaya da sauran magunguna, lokacin da abincin ya riga ya wuce kuma ƙwayar ba ta da abin kamawa. Wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. Wani bincike na 2009 a Amurka a kan majinyata 233 ya gano cewa matsakaicinsu na shan ƙwaya 19 a rana, kusan rabinsu masu ɗaure fosfet ne, kuma kashi 38 cikin 100 ne kawai ke shan su yadda aka ce. Abin da ya zama namu shi ne kunya. Ɗakin wankin ƙoda fili ne guda, gado kusa da gado, ga 'yan jinya a bakin ƙofa. Dattijon da ɗansa ko surukinsa ya rako ba zai buɗe baki a gaban nas sa'ar 'yarsa ya ce kwana biyar bai zaga ba. Za ta ce, “Baba, ya ƙarfin jiki?” ya ce, “Alhamdu lillahi, da sauƙi.” Matar da likita namiji ya tsaya a kanta ma haka. An auna nauyi, an auna hawan jini, an duba inda ake sa allura, an rubuta. Ciki kuwa ba shi da gurbi a gaisuwa, idan kuma ba shi da gurbi a katin asibiti, shi ke nan maganar ta bi ruwa. Sakamakon gwaji ya fito fosfet ya hau, sai a ɗauka maganin ne ya yi kaɗan, a ƙara wa wanda ya riga ya daina sha.

Maganar da ba a faɗa a asibiti ba, a kemis ake faɗin ta, da wani suna. A bakin mutane taurin bayan gida basir ne, zafin ƙirji kuma olsa ce. Mai kemis da bai san mai sayen ba ya da ƙoda zai miƙo farin ruwan nan da ake kira mis-mag, ko wani maganin olsa mai alminiyam da magnisiyam, ko gishirin wankin ciki mai tafasa a kofi. Ga mai lafiya waɗannan ba komai ba ne, ƙoda za ta fitar da rarar. Ga wanda ba ya fitsari, magnisiyam na taruwa ya kashe jiki, ya rage bugun zuciya da numfashi. Alminiyam kuma shi ne wanda aka guda bayan binciken 1976, kuma ruwan lemon tsami na ƙara masa hanyar shiga jini. Wani maganin da ake ɗurawa ta dubura don sakin ciki fosfet ne tsantsa. A gida akwai jiƙon tsamiya, wadda ke cike da potasiyam, da kanwa, wadda gishirinta ke tayar da ƙishirwa ya tara ruwa a jiki, ga kuma jarkokin maganin basir da ake tallar su da lasifika a bakin kasuwar Wunti da Muda Lawal, waɗanda mai saye bai san abin da aka zuba a ciki ba. Akwai wani haɗarin da ya fi waɗannan ɓuya: idan ƙoda ta mutu, babban hanji ne ke karɓar wani ɓangare na aikin fitar da potasiyam. Cikin da ya ɗaure kwana huɗu ya rufe wannan ƙofa, kuma hawan potasiyam na iya tsayar da zuciya ba sallama, musamman ga mai jiran kwana biyar ko shida kafin zama na gaba. Garin neman gira ake rasa ido ta wannan hanya.

Wani zai ce wannan maganar masu ƙoshi ce. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2017 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara kashi 84 cikin 100 na manyan da suka fara wankin ƙoda sun daina, galibi don kuɗi. Ga kuma yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da Haɗeja, maƙwabtanmu. A irin wannan hali wa ke ta bayan gida? Gaskiya ne kuɗin inji shi ne babbar magana, ba na jayayya. Amma hujjar ta fi ƙarfi idan aka juya ta. Daidai saboda zama ya yi ƙaranci ne abin da ke faruwa tsakanin zama da zama ya fi nauyi. Kuma a cikin duk abubuwan da mai wankin ƙoda ke buƙata, tambayar “yaushe rabonka da zagawa?” ita kaɗai ce ba a biyan ko kwabo a kanta. Gidan da ya tara naira 12,000 da ƙyar, sannan majinyacinsu ya kwanta a ɗakin gaggawa saboda toshewar hanji ko hawan potasiyam, ya yi asara biyu. Tallafin da ya yi nasara ma ƙara wa maganar girma zai yi: wanda a da zai rasu cikin wata uku, yanzu zai iya kai shekaru, kuma a cikin shekaru ne ƙashi da jijiya ke nuna ɓarnar fosfet.

Akwai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko kaifi, kuma daga bakin masana take fitowa. Binciken Block da makamantansa sun nuna alaƙa ce tsakanin yawan fosfet da mutuwa, ba su tabbatar da cewa sauke shi da ƙwaya na tsawaita rai ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da ɗari, bai sami tabbacin cewa waɗannan magunguna sun fi rashin shan su ba wajen hana mutuwa. To me zai hana a bar mutane su huta? Amsata ita ce rashin tabbaci dalilin sassauci ne, ba dalilin sakaci ba. Fosfet da ya kai 8 ko 9 yana da illar da ake gani da ido: ƙaiƙayi, jan ido, ciwon ƙashi, faratairod da suka kumbura har sai an yi tiyata. Babu likitan da zai bar wannan. Abin da rashin tabbacin ke koyarwa shi ne kada a azabtar da ciki don neman lamba mai kyau a takarda. Ƙa'idar ƙungiyar KDIGO ta duniya ta 2017 ma cewa ta yi a karkatar da fosfet zuwa ga daidai, a dubi jerin gwaje-gwaje ba guda ɗaya ba, a kuma taƙaita yawan kalsiyam. Majinyacin da ke shan ƙwaya uku a rana da gaske, yana cin abinci, yana zagawa, ya fi wanda aka rubuta wa tara yana ɓoye su a ƙarƙashin katifa. Bambancin da ke tsakanin likita ya rage magani da majinyaci ya daina a ɓoye shi ne na farko an san da shi, an kuma san abin da za a duba.

Masu cewa a kawo na zamani kawai a huta da alli, su ma ba su gama duba lissafin ba. Sebelama ya ninka kalsiyam kabonet tsada sau da yawa, daga waje ake shigo da shi da dala, kuma a nazarin Cochrane ɗin nan shi ne aka fi dangantawa da taurin bayan gida. Gwajin LANDMARK na Japan, wanda aka buga a 2021 bayan bin majinyata sama da 2,000 na kusan shekara uku, bai ga bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin lantanam da kalsiyam kabonet wajen ciwon zuciya. Amfanin samun iri biyu ko uku a kantin asibiti ba wai wani ya fi wani ba ne, sai don cikin mutane ba ɗaya ba: mai taurin ciki da ƙarancin jini zai iya dacewa da mai ƙarfe, wanda kalsiyam ya hau masa a jini yana buƙatar wanda ba shi da kalsiyam. Mai ƙarfen kuma yana da nasa tarko, tun da yana baƙanta bayan gida. Masu wankin ƙoda na yawan zubar jini a ciki, ga maganin hana daskarewar jini da ake sawa a inji, ga su diklofenak da ake saya don ciwon ƙashi. Baƙin bayan gida mai danƙo da ƙarni alamar jini ce, kada a jingina shi ga magani ba tare da likita ya gani ba. Haka ciwon ciki mai tsanani, ko amai tare da kumburin da ko iska ba ta fita: wannan na asibiti ne a daren, ba na jiran ranar zama ba.

Inda aka fi samun riba, a ganina, a tukunya ne, kuma a nan ana yawan kuskure. Jerin abincin da ake hanawa, wanda aka kwafo daga littattafan Turai, kan sa wake da gyaɗa da hatsi a sahu ɗaya da nama da madara. Amma fosfet ɗin tsiro a ƙulle yake cikin wani sinadari da hanjin ɗan'adam ba ya iya warwarewa sosai, ƙasa da rabinsa ke shiga jini. Na nama da nono ya fi shiga. Wanda masana'antu ke zubawa a lemon kwalba mai duhu, naman gwangwani da sauran kayan leda kuwa, kusan dukkansa jiki ke kwashewa. Ke nan kwalbar lemon da ɗan dubiya ya riƙo don nuna kara ta fi alalen da aka hana cutarwa ta fuskar fosfet. Wanda aka hana masa nono, kilishi, wake, ƙuliƙuli da kifi a rana ɗaya, me ya rage masa in ba farar shinkafa da koko ba? Ramewa kuwa tana kashe mai wankin ƙoda da sauri fiye da fosfet. Farin ƙwai na gina jiki da ɗan fosfet kaɗan. Nama ko wake da aka jiƙa, aka tafasa da ruwa mai yawa aka zubar da ruwan farko, yana rage fosfet da potasiyam tare. Wannan ilimi uwargida ce ko 'yar da ke girki ya kamata ta ji shi, da Hausa, da ma'aunin ludayi da kofi, ba majinyaci kaɗai a kan gado yana jiri ba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, na cikin ɗaki. A ba ciki layi a katin kowane zama, kusa da nauyi da hawan jini, a yi tambayar a hankali, mace ga mace inda hali ya yi, bayan an ce wa ɗan rakiya ya ɗan ba da wuri. A rubuta maganin tausasa ciki da ya dace da masu ciwon ƙoda, irin su laktulos ko sena, tun ranar da aka rubuta na fosfet, kada a jira sai mutum ya je kemis. A sa gwajin fosfet da kalsiyam cikin abin da tallafi ke ɗauka, domin ba da alli wata shida ba gwaji harbi ne a duhu. A gaya wa majinyaci cewa ƙwayar ba ta san fosfet kaɗai ba: tana kama sifro, wanda ake sha kamar gyaɗa da sunan taifot, da ƙwayar ƙarin jini da maganin maƙoƙo, don haka sai an raba su da awanni. A kuma daidaita ƙwaya da girman abinci, ba da agogo ba. Mai karyawa da koko zalla ba ya buƙatar abin da mai cin tuwo da nama da dare ke buƙata, wanda bai ci komai ba kuma ba shi da dalilin sha. Haka idan azumi ya zo, ga wanda likitansa ya yarda ya yi: “sau uku a rana” da ke jikin leda ba ta da ma'ana a Ramadan. Ƙwayar na komawa buɗa-baki da sahur, mafi yawanta a lokacin da aka sauke abinci mai nauyi bayan magariba, ba a kan ruwan da aka fara kurɓa ba.